Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023

Dokar Kare Bayanan Jama'a doka ce ta tarayya da ta tsara yadda ake karɓa da adanawa da sarrafa bayanan mutane a Najeriya. Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa mata hannu a watan Yunin 2023. Dokar ta shafi duk shafin intanet da ke yi wa mambobi rajista, babba ne ko ƙarami.

Tarihi

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa 'yan ƙasa 'yancin sirri. A watan Janairun 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, amma ba dokar majalisa ba ce. Dokar 2023 ta cike wannan giɓi, ta kuma kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, ƙarƙashin jagorancin Vincent Olatunji.

Abin da dokar ta tanada

Wajibi ne mai shafi ya kasance yana da halastaccen dalili na karɓar bayanai, kamar amincewar mai su ko cika wata yarjejeniya, kuma kada ya karɓi fiye da buƙata. Mamba yana da ikon ganin bayanansa, ya sa a gyara su ko a goge su, ko ya janye amincewarsa. Idan yaro ne, iyaye ko waliyyi ke bayar da izini. Bayanan lafiya, addini, ƙabila da zanen yatsa suna da kariya ta musamman. Idan an yi kutse mai iya cutar da mutane, a sanar da hukumar cikin awa 72. Dokar ba ta hau kan wanda ya adana bayanai don amfanin kansa ko gidansa kawai ba.

Misali daga Jihar Jigawa

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura, wadda aka kafa a 2021, suna yi wa ɗalibai rajista ta intanet, don haka dokar ta hau kansu. Haka ma ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta manoma a Roni ko Gwiwa, muddin ta buɗe shafi tana tara sunaye, lambobin waya da lambar NIN. Miƙa wa 'yan kasuwa lambobin mambobi don talla ba da izininsu ba saɓa wa doka ne.

Hukunci

Ana iya cin tarar manyan masu riƙe bayanai har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin ɗari. A watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da cin tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, zargin da bankin ya musanta.