Tasirin Tsawon Zango a Kan Jikin Doki da Salon Gudunsa: Kwatanta Thoroughbred da Quarter Horse

Wannan maƙala ta kwatanta irin dawakai biyu da suka yi fice a fagen sukuwa, wato Thoroughbred na Ingila da Quarter Horse na Amurka, domin nuna cewa tsawon zangon da aka saba sa kowannensu ya yi shi ne ya ƙera jikinsa da salon gudunsa, har ma da aikin da mahayi yake yi a bayansa.

Thoroughbred ya samo asali ne a ƙarni na 17 da na 18, lokacin da masu kiwo a Ingila suka riƙa haɗa goɗiyoyin ƙasarsu da ingarmun da aka kawo daga Gabas, waɗanda uku daga cikinsu, Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, suka zama kakannin duk wani doki na wannan iri ta wajen uba. An kawo Darley Arabian daga Halab ta ƙasar Sham a 1704, sannan a 1791 James Weatherby ya fara buga kundin nasabar dawakan, wanda ake shigar da sunayensu a cikinsa har yau. Shi kuwa Quarter Horse a Bajiniya da Karolina ya taso, inda Turawan da suka zauna a can ba su da shararrun filayen sukuwa, sai suka riƙa tsere a kan titin gari na tsawon rubu'in mil, kimanin mita 402, kuma wannan zango ne ya ba shi suna. Sai a 1940 aka kafa ƙungiyar da ke rajistarsa a jihar Tekzas.

A fili ne bambancin ya fi bayyana. Manyan gasannin Thoroughbred, irin su Dabi na Epsom da aka fara a 1780 mai kusan mita 2,400 a yau, da Dabi na Kentaki da aka fara a 1875 mai kimanin mita 2,000, gasanni ne na lissafi, domin mahayi yakan ja linzami tun farko don tanadin ƙarfin dokin, ya nemi gefen shinge na ciki don rage tazara a kwana, ya kuma jira miƙaƙƙen layin ƙarshe kafin ya sake shi. Wanda ya yi gaggawar saki, sai ya ga dokinsa ya sare ana wuce shi a bakin layi. Doki mai suna Secretariat ya gama zangon Kentaki a 1973 cikin ƙasa da minti 2 kaɗan, kuma har yanzu ba a karya wannan tarihi ba. A gasar All American Futurity ta Quarter Horse da aka fara a Ruidoso Downs ta jihar Sabuwar Meziko a 1959 kuwa, babu kwana babu tanadi: da zarar ƙofa ta buɗe, dokin yakan dunƙule ƙugu ya tunkuɗa ƙasa da ƙafafun baya, kuma cikin daƙiƙa 21 ko kusa da haka an gama, ta yadda tuntuɓe ɗaya a bakin ƙofa ya isa ya raba shi da nasara. An auna gudun wasunsu ya kai kusan kilomita 88 a awa. Ya kamata a lura cewa agogon Quarter Horse yakan fara ne daga buɗe ƙofa, alhali a Amurka ana barin Thoroughbred ya ɗan taka kafin agogo ya fara, abin da masu jera alƙaluman biyu gefe da gefe kan manta.

Jikin kowanne ya bi aikinsa. Thoroughbred dogo ne mai zurfin ƙirji da dogon taku, ya dogara ga zuciya da huhu, da kuma saifa wadda ke tura ajiyayyen jini cikin jijiyoyi idan gudu ya yi tsanani, shi kuma Quarter Horse gajere ne kakkaura mai cikar cinya, tsokarsa ta fi yawan zaren da ke tsukewa da sauri amma ya gaji da wuri. A 2010 Emmeline Hill da abokan aikinta a Dablin sun nuna cewa ƙwayar gado ta miyostatin, wadda ke ƙayyade girman tsoka, tana da nau'in da ya fi dacewa da gajeren zango da wanda ya fi dacewa da dogo, kuma nau'in farko ya yawaita a jinin Quarter Horse.

Duk da haka jinin biyu a cakuɗe yake, tunda Janus, jikan Godolphin Arabian da aka kai Bajiniya a 1752, yana cikin tushen Quarter Horse, haka kuma Three Bars, Thoroughbred da aka haifa a 1940, ya bar zuriya mai yawa a cikinsu. Saboda haka tambayar wanne ya fi gudu ba ta da amsa sai an faɗi zango: a mita 400 Quarter Horse ne a gaba, a mita 2,000 kuwa ba ya kama ƙafar Thoroughbred.