Yadda Ake Gane Jirgin Sama da Dare Ta Fitilunsa

A karkarar Tebaram da sauran arewacin Adar, a jihar Tawa, dare yana da duhu ƙwarai, saboda haka makiyaya da manoma sukan hangi haske iri-iri yana ratsa sama. A wannan zamani na rashin tsaro, hasken da ba a san asalinsa ba yakan tayar da hankalin gari, jita-jita ta bazu. Sanin fitilun jirgi yana rage wannan fargaba.

Fitilu uku

Bisa ƙa'idar sufurin sama ta duniya, jirgin da ke tafiya da dare yana kunna ja a fiffiken hagu, tsanwa a fiffiken dama, fara kuma a wutsiya. Akwai kuma wasu masu walƙiya, ja ko fara, domin kada jirage su yi karo.

1. In ka ga ja a damanka, tsanwa a hagunka, jirgin yana nufo ka.
2. In ja kawai ka gani, yana wucewa zuwa hagunka. In tsanwa ce, zuwa damanka.
3. In fara kawai ta rage, ya ba ka baya.

Nisa da ƙara

Manyan jiragen fasinja da ke ratsa Nijar suna tafiya wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka ƙararsu takan iso bayan kamar rabin minti. Jirgi mai saukar ungulu kuwa yana bin ƙasa-ƙasa, ƙararsa tana dukan kunne.

Abin da ba jirgi ba ne

Tauraron ɗan'adam ba ya ƙyaftawa, ba shi da ƙara. An fi ganinsa bayan magariba ko gabanin asuba. Tun 2019 akan ga na Starlink a jere kamar ayari. Zahra da Gamzaki kuwa tauraruwa ɗaya ce, ba ta gudu.

Shawara

Jirgin soja ko maras matuƙi yana iya tafiya fitilu a kashe. Kada a haska shi da tocila, kada a taɓa tarkacen da ya faɗo. A riƙe lokaci, da inda ya nufa, da launin fitilunsa, a sanar da maigari kafin a yaɗa magana.