Tarihin Madubin Saitin Bindiga, da Faman da Aka Sha Kafin Ya Riƙe Amana

 A wannan fitowa za mu ɗan fita daga tarihin goro da shanu da muka saba kawowa, mu leƙa tarihin wani ƙaramin kaya da yaranmu ke yawan gani a finafinai da wayoyinsu. Muna nufin bututun nan mai gilashi da ake ɗora wa bindiga a bisa, maharbi ya kafa ido a ciki ya hango dabba daga nesa kamar tana gabansa. Mu kira shi madubin saiti. A fim, da an leƙa an ja kunama shi ke nan, nama ya faɗi. A zahiri kuwa Turawa sun shafe fiye da shekara 170 suna fama kafin su samu madubin da maharbi zai saki jiki da shi a daji.

Kawo abu kusa bai ba su wuya ba. Tun 1608 masu yin tabarau a ƙasar Holan suka gano cewa in an jera gilashi biyu a bututu, na nesa zai matso. Abin da ya gagara shi ne madubin ya tsaya a inda aka saita shi bayan harbi, bayan ruwan sama, bayan sanyi da jijjigar tafiya.

Mu 'yan kasuwa mun san sikeli. Wanda ya karye ba ya cutar kowa, don ana gani ake jingine shi. Abin tsoro shi ne wanda allurarsa ta goce kaɗan, yana ta awo lafiya lau, mai saye da mai sayarwa duk ba su sani ba. To haka madubin saiti yake. In ya goce har harsashi ya kauce da santimita 3 a nisan mita 100, wato kamar faɗin yatsu biyu, to a mita 500 kaucewar ta zama santimita 15. Ga shi wurin da ake so a samu a jikin barewa, inda zuciya da huhu suke, bai fi faɗin faranti ba. Bayan haka, harsashin irin bindigogin farauta na yau yakan yi ƙasa da fiye da mita ɗaya kafin ya kai mita 500, dole maharbi ya murɗa madubin ya cike wannan giɓi. In abin murɗin ya yi masa ƙarya, babu yadda zai sani sai bayan harsashi ya fita.

Zaren nan biyu da ke gicciye a tsakiyar madubi, asalinsu daga gizo-gizo ne. Wajen 1640 wani Baturen Ingila mai nazarin taurari, William Gascoigne, ya tarar gizo ya ratsa zarensa cikin madubinsa na kallon sama, kuma zaren ya fito tangaran tare da abin da yake kallo. Nan ya gane za a iya amfani da shi a tsayar da ido kan wuri guda. An daɗe ƙwarai ana sa zaren gizo na gaske a irin waɗannan kayan aiki, daga baya aka koma siririyar waya. Waya kuwa takan tsinke in bindiga ta yi ta shuri, shi ya sa a yau ake zana layukan a jikin gilashin kansa.

Shurin bindiga shi ne abokin gaba na farko. A 1776, a birnin Filadelfiya na Amurka, wani mai zanen hotuna, Charles Willson Peale, ya haɗa kai da masanin taurari David Rittenhouse suka ɗora madubi a kan bindiga. Ba a jima ba sai ga Peale yana ƙera wani ƙarfe mai sifirin don kada madubin ya naushe shi a ido in bindiga ta yi baya. Ka ga tun ranar farko matsalar ta nuna kanta. In aka harba, bindiga takan zabura baya da ƙarfi, madubi kuma da nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, sai duk abin da ke cikinsa ya sha girgiza. Gilashin da bai zauna daram ba zai motsa, ko da kaurin gashi ne.

Sai wajen 1840 wani maƙerin bindiga, Morgan James na garin Utica a jihar New York, ya fito da madubin da za a iya cewa ya yi aiki. A 1855 William Malcolm na garin Syracuse ya fara ƙera su don sayarwa. Madubin wancan zamani dogon bututu ne siriri, tsawonsa ya kusa na bakin bindigar. Haske kaɗan ke shiga, in ka buge shi da reshe ya lanƙwashe, kuma ba a saita shi daga ciki, sai dai a motsa bututun gaba ɗaya a kan mazauninsa.

Duk da haka ya yi ɓarna. A shekarun 1870 maharban fata suka bazu a filayen yammacin Amurka da manyan bindigogin Sharps, wasu da irin wannan madubi. Mutum zai kwanta can nesa inda garken ɓauna ba zai ji warinsa ba, ya yi ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya, a feɗe fata a bar nama ya ruɓe. Dabbar da ake kiyasin ta kai miliyan 30 a da, lissafin da William Hornaday ya fitar a 1889 ya nuna saura dubu ɗaya da 'yan kai. Wannan shi ne darasi na farko da harbin nesa ya koya wa duniya, kuma ba mai daɗi ba ne.

A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Harsashi ya ƙara gudu, ya ƙara nisa, har ya wuce inda ido tsirara ke iya tantancewa. Sai buƙatar madubi ta tashi. Masu sana'ar gilashi na Jamus da Ostiriya suka karɓi aikin. Kamfanin Kahles da aka kafa a Biyana a 1898, da Zeiss na garin Jena, da wasunsu, suka rage tsawon bututun suka ƙara masa ƙwari. Maharban dazuzzukan Jamus sun rungume shi sosai, har da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai da aka bi su ana tattara bindigoginsu masu madubi ana kai wa soja.

Saura matsalar haske. Namun daji sun fi fitowa da asuba da kuma gab da magariba, lokacin da gani ke da wuya. Kowace fuskar gilashi kuwa takan mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. In madubi na da gilashi biyar, fuska goma ke nan, kusan kashi ɗaya bisa uku na hasken ya salwanta kafin ya iso ido. A 1935 Alexander Smakula, wani masani a kamfanin Zeiss, ya gano yadda za a shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke hana wannan asara. Gwamnatin Jamus ta ɓoye dabarar a matsayin sirrin soja. Shuɗi-shuɗin nan ko kore-koren da kuke gani a fuskar kyamara, jikan wannan aiki ne.

Abokin gaba na ƙarshe, mu mazauna Kudu mun fi kowa saninsa: laima. Wanda ya taɓa ganin gilashin agogonsa ya yi gumi daga ciki a watan Yuli ya san abin da muke faɗa. Iskar da ke cikin bututun tana ɗauke da danshi, da sanyi ya bugi ƙarfen sai danshin ya kwanta a kan gilashi ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa balle a goge.

A 1930 wani Ba'amurke, Bill Weaver, ya fito da madubi mai araha, dala 19, wanda talakan maharbi zai iya saye. Ya samu kasuwa, har sojan Amurka suka ɗora irinsa a bindigoginsu a Yaƙin Duniya na Biyu. To amma ba a yi shi don ruwa ba, a wuraren damina da zafi sai ya yi ta gumi. A can Finlan kuma, a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940 da Tarayyar Sobiyat, akwai wani manomi kuma maharbi, Simo Häyhä, wanda har yau ake ambatonsa cikin gwanayen harbi na duniya. Shi ƙin madubin ya yi sam, ya tsaya kan saitin ƙarfe na jikin bindiga. Dalilinsa, gilashi na yin hazo a cikin sanyi, yana ƙyalli a rana ya tona asirin mai shi, kuma yana sa mutum ɗaga kai sama. Gwani irin wannan ya ce bai yarda da kaya ba, ai ka san da sauran aiki.

Maganin ya zo daga jihar Oregon. Kamfanin Leupold, wanda tun 1907 yake ƙera kayan safiyo, yana ba da labarin cewa ɗaya daga cikin masu gidan, Marcus Leupold, ya fita farauta ranar ruwa, barewa ta tsaya masa, madubi ya yi gumi, ta tsere. Ya dawo da alwashin yin wanda ya fi shi. A 1947 suka fitar da madubinsu na farko, a 1949 kuma suka fara zuƙe iskar da ke ciki suna ɗura busasshiyar iskar naitirojin su toshe. Babu danshi a ciki, babu abin da zai kwanta a gilashi. Daga baya masu ƙira suka riƙa sa zoben roba a kowace gaɓa don kada ruwa ya shiga ko iskar ta fita. Daga gwajin Peale zuwa nan, shekara 173.

Madubin yau, a cikin babban bututun akwai wani ƙarami mai ɗauke da gilasai. Noti biyu ne ke tura shi, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe, sifirin kuma na tokare shi ta ɗaya ɓangaren. Amanar madubin duka tana kan wannan sifirin da waɗannan notuna, kuma mai saye ba ya ganinsu. Na kirki da na jabu, a cikin kwali kamarsu ɗaya. Shi ya sa maharban da suka san abin da suke yi ba sa tsayawa kan lambar da aka rubuta ta girman gani. Sukan kafa takarda su harba, su murɗa sama su harba, su murɗa dama, su yi ƙasa, su yi hagu, su dawo inda suka fara. In harsashin ƙarshe ya faɗa kan ramin farko, madubi ya ci jarrabawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ko a nan Afirka, maharban manyan namu ba su yi saurin yarda da shi ba. W.D.M. Bell, mutumin Sikotlan da ya yi suna a yankin Karamoja na Uganda a farkon ƙarni na 20, ya kashe giwa 1,011 saboda haure, yawancinsu da saitin ƙarfe kuma daga kusa. Har yanzu masu bin ɓauna da zaki sun fi son madubin da ake cirewa da hannu nan take, saitin ƙarfe na nan a ƙasansa ko da gilashi zai ba da kunya.

Wani zai ce, to mu me ya sa maharbanmu da na maƙwabtanmu Yarbawa ba su gaji wannan kaya ba? Amsar tana cikin yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a birnin Brussels a 1890. Sun hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, suka bar mana ta ɗuri da albarushin kasuwa. Adaka ba ta da nisan da za ta buƙaci madubi, saboda haka gwanintar maharbinmu ta tafi ga sanin sawu, da karanta iska, da haƙurin sanɗa har ya matso. Kuma mu tuna wa matasa, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 tana nan da ranta, riƙe bindiga ba lasisi laifi ne babba.

Wannan tarihi ya taɓo wani abu da muka karanta a Islamiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna farauta don wasa kawai makaruhi ce, don buƙata kuwa halal. Malamai sun kuma yi dogon bayani kan dabbar da aka harba ta ɓace wa maharbi har ta kwana, ko za a ci ko ba za a ci ba. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka. Madubin da ya goce da santimita 15 ba ya sa a yi kuskure gaba ɗaya, yakan sa harsashi ya sami ciki ko cinya. Dabba ta shige ƙurmi da rauni, ta kwana biyu tana wahala ta mutu a banza, ba a ci nama ba, ga alhaki. Saboda haka ne ma a ƙasashen da wannan farauta ta zama ruwan dare, dattawan maharba ke ja wa matasa kunne cewa nisan da madubi ke nuna maka daban, nisan da ya halatta ka harba daban.

Mu da ke zaune a shago, yawancinmu ba za mu taɓa riƙe wannan madubi ba. Amma kullum muna sayar da kayan da ingancinsu ke ɓoye a ciki, batir ne, kwan fitila ne, kayan gyaran mota ne, mai saye ba shi da abin dogaro sai kalmarmu. In ya tambaye mu ko zai jure damina, mu gaya masa gaskiya.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.