Kotson Narambaɗa a zauren taro

Ni ɗan ƙasar Shinkafi ne. Na ji waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa a rediyon mahaifina tun ban san ana samun digiri da su ba. Tubali, garinsu, ba nisa daga namu. Sai da na shiga jami'a na tarar da shi a kan takarda, an yanka waƙarsa ɗiya-ɗiya, kowane ɗa da lambarsa.

Fagen namu na nazarin waƙar baka ba tsoho ba ne. A 1971 Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Amurka a kan Mamman Shata. Daga baya Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana hanyar nazarin waƙar baka, wadda da ita muke maganar turke da salo da gindin waƙa har yau. Da ABU Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, masu ce mana "me za a karanta a roƙo?" suka rage murya.

Tsarin taronmu kuwa kusan bai sauya ba. Ranar farko ta manya ce: sarakuna, jawabai, sannan babbar muƙala daga wani farfesa, shi kaɗai ke da sa'a guda. Washegari a rarraba mu ɗaki-ɗaki. Mutum shida ko takwas a zama ɗaya, kowa minti goma, shugaban zama na ƙwanƙwasa tebur da biro. A nan aikin yake, a nan kuma ake yi wa waƙa yankan ƙauna. Mai takarda zai cinye rabin lokacinsa a gaishe-gaishe da ma'anar waƙa, sannan ya karanto ɗiyan Narambaɗa kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure. Ba kotso, ba 'yan amshi, ba wurin da makaɗi ke jan numfashi ya bar kiɗa ya yi magana. Da dare sai a kawo makaɗa su nishaɗantar da baƙi, a yi musu kari, a watse. Wanda aka wuni ana nazarinsa ba ya hawa teburin sama.

Zaman da ya fi amfanata ba a shirya shi ba ma. Wani ɗalibi ya ci karo da kalmar Badarawa a wata waƙa, ya yi shafi biyu a kan mayaƙan Badar da tasirin addini. Wani dattijo da ya rako ɗansa ya ɗaga hannu daga baya.

"Malam, gafarta," ya ce. "Badarawa gari na. Can nit tashi."

Aka yi dariya, ɗalibin ya sunkuyar da kai. Shugaban zaman, Allah ya saka masa, ya ce a kunna waƙar a waya. Dattijon ya riƙa tsayar da ita yana warware wa ake yi wa zambo, wace sarauta ake nufi, wace kalma ce Zamfarci da kunnen Bakano ya ji daban. Muka wuce lokacin abinci ba wanda ya motsa.

Ba na raina abin da aka yi. Jami'ar Bayero ta shirya taro sukutum a kan Shata a 2018, ta yi na Narambaɗa a 2019, kuma littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa yana hannun ɗalibai. Amma makaɗan fada sun fi samun gata. Kassu Zurmi, mai yi wa 'yan tauri da mafarauta, sau da yawa takarda ɗaya ce rabonsa, a zaman ƙarshe, bayan manya sun kama hanya.

Yanzu kuma hanyar Ƙaura zuwa Zurmi da Shinkafi ta zama abin da ta zama. Ɗalibi ba ya iya shiga ƙauye da rikoda kamar yadda muka yi, tsofaffin 'yan amshi suna ta ƙarewa, wasu suna gudun hijira a Gusau da Ƙaura. Masu shirya taro na gaba, don Allah a ware zama ɗaya na saurare, a ɗauko waɗannan tsofaffi da kuɗin motarsu, a ba su kujera da makirufo da rana tsaka.