Tsimi da Tanadi a Ƙasar Dabino: Yadda Magabatan Fazzan Suka Rufa wa Kansu Asiri

A ƙarshen shekarar 1798 wani matafiyi Bajamushe mai suna Friedrich Hornemann ya sauka Murzuk tare da ayarin da ya taso daga Alƙahira. Cikin abubuwan da ya lura da su har da ma'aunin arziki na mutanen garin. A wurinsu, wanda ke samun gurasa da nama kullum shi ne attajiri. Murzuk kuwa a lokacin ita ce fadar sarakunan Aulad Muhammad, kuma babbar kasuwa tsakanin Tarabulus da Borno, inda zinariya da fatu da tufafi da bayi ke ratsawa. Dukiya tana wucewa ta ƙofar gari, amma tukunyar yawancin gidaje ba ta ganin nama sai jefi-jefi.

Ya dace mu tuna da wannan a yau, da magidanci a Gurda ko Mahdiyya ke lissafin yadda abin da ke hannunsa zai kai shi ƙarshen wata. Matsin da muke ciki ba baƙo ba ne a Fazzan. Shekarun arha da iyayenmu ke ba mu labari ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, alhali kafin su an yi ɗaruruwan shekaru ana rayuwa da ɗan kaɗan. Mutanen wancan zamani suna da ilimin tsimi da tanadi wanda ya tsare musu mutunci, kuma mu Hausawan wannan yanki mun gaje shi ta fuska biyu: daga ƙasar da muke zaune, da kuma ƙasar da kakanninmu suka baro.

Ƙasar Fazzan ba ta san damina ba. Shekara takan zagayo ba a ga ruwan sama na kirki ba, don haka duk tsiron da ya fito da guga aka shayar da shi. Tun zamanin Garamantawa na Jarma ake haƙa magudanun ruwa a ƙarƙashin ƙasa, daga baya aka dogara da rijiyoyin da jaki ko sa ke jan gugarsu tun asuba. Alkama da sha'ir a lokacin sanyi, gero da dawa a lokacin zafi, duk a 'yan fadamu ƙanana ake noma su, kuma ba sa isar shekara. Abin da ke riƙe da rai shi ne dabino.

A jikin dabino kuwa babu abin yarwa. 'Ya'yansa su ne abincin safe da na hanya, na mutum da na raƙumi. Ƙwallonsa a jiƙa ko a daka a ba awaki. Ganyensa a saƙa tabarma da kwando da faifai, rassansa a yi shinge da bukka, zarensa a tuƙa igiyar guga, gungumensa kuma ya zama azarar rufi da ƙyauren ƙofa. Girbinsa sau ɗaya ne a shekara, da kaka, saboda haka gidan da ya cinye rabonsa da wuri zai wuni da yunwa kafin wani girbin. Akan ware mai kyau, a danne shi a ajiye a wuri busasshe, ana ɗiba da awo. A tabkunan da ke cikin rairayin Ubari, irin su Gabar Aun, Dawada sun rayu da wasu ƙananan halittun ruwan gishiri da suke tacewa, su daka su haɗa da dabino su shanya. Har shekarun 1980, da aka tashe su daga can, wannan abinci bai bar gidajensu ba.

Baƙo ma, in ya zo da buɗaɗɗen hannu, ƙasar takan koya masa hankali. A 1819 Joseph Ritchie da George Lyon, manzannin gwamnatin Ingila, suka zauna Murzuk. Kuɗinsu ya ƙare, taimakon da suka sa rai daga mai mulkin garin, Muhammad al-Mukni, bai zo ba, suka koma sayar da kayansu don su ci. Ritchie ya rasu a can cikin watan Nuwamba na wannan shekara.

Dangantakar Fazzan da ƙasashen kudu ta daɗe. A ƙarni na 13 daular Kanem ta shimfiɗa ikonta har nan, wakilinta yana zaune a Taragin. Daga baya hanyoyi biyu suka yi fice: wadda ta bi ta Kawar da Bilma zuwa Borno, da wadda ta bi ta Gat da Agadas zuwa Katsina da Kano. Ta waɗannan hanyoyi kakanninmu suka iso. Wasu fatake ne, wasu maniyyata ne da guzurinsu ya yanke suka tsaya neman abin ci gaba da tafiya, har zama ya kama su. Wasu kuma, kada mu ɓoye, a ɗaure aka kawo su, suka ja ruwa a lambunan wasu, kuma 'ya'yansu suka gina gidaje daga babu. A can Kano ma fataken Gadamas da Tarabulus sun kafa unguwanni, sunan Alfindiki da Dandalin Turawa na nan yana shaida.

Ayari makaranta ce ta lissafi. Tafiya daga Kukawa zuwa Murzuk takan ci kusan wata biyu, kuma babu kasuwa tsakanin rijiya da rijiya. Madugu ba ya tambayar yawan guzuri kawai, yakan tambayi kwana nawa suka rage kafin zango na gaba, sannan a raba ruwan salka da gari a kan kwanakin. Abincin hanya shi ne wanda ba ya lalacewa kuma ba ya cin itace: zummita, wato garin soyayyen sha'ir da ake damawa da ruwa da ɗan mai, da dabino, da busasshen nama. Wanda ya sha rabon gobe a yau, ayari ba zai iya cetonsa ba. Wannan dabara ta auna abinci da kwanaki ita ce gadon da ya fi kowanne amfani ga mai ƙaramin albashi.

Daga kudu kuma aka zo da wani ilimin. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Murzuk a 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. Ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali guda shekara cur cikin wadata, har da sutura. A lokacin wuri 2,500 ne ke sayen riyal ɗaya na azurfa, ke nan riyal 20 zuwa 24 a shekara, ko wuri 140 zuwa 160 a yini. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne gidan Bahaushe ba wurin ci kawai ba ne. Hatsi yana rumbu tun kaka. Mata suna kaɗi, zaren ya tafi wurin masaƙa da marina, tufar ta kai har Gat da Murzuk da Tarabulus. Kuɓewa da kuka da barkono ana shanya su lokacin da suka yi yawa, daddawa tana ajiye wata da watanni. Ɗan abin da uwargida ta samu a sana'arta takan zuba shi a adashi, in ta kwasa ta sayi akuya ko kayan ɗakin 'yarta, waɗanda ake iya sayarwa ranar da ta ɓaci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo da durƙushewar wannan ciniki. Daular Usmaniyya ta haramta fataucin bayi a 1857, ko da yake an daɗe ana yi a ɓoye. Rabe ya ci Borno a 1893, hanyar Kawar ta rikice. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kayan da raƙumi ke ɗauka watanni suka koma isa cikin kwanaki. Murzuk ta fara mutuwa a tsaye. Sai ga Italiya: ta shigo Fazzan a 1914, aka kore ta kafin shekarar ta ƙare, ta dawo a 1930 da ƙarfin soja, jama'a da yawa suka yi hijira zuwa Cadi da Nijar. A farkon 1943 sojojin Faransa ƙarƙashin Leclerc suka karɓi yankin, kuma daga nan Sabha, wadda a da ƙauyuka ne irin su Jadid da Gurda da Hajara, ta zama cibiyar mulkin Fazzan. Ranar 24 ga Disamba 1951, da Libiya ta sami 'yancin kai, ana lissafa ta cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya. Dattawan da suka ga wannan zamani sun san tufa ɗaya da ake wankewa da dare a saka da safe.

Man fetur ne ya juya al'amarin. An same shi da yawa a Zaltan a 1959, aka fara fitar da shi a 1961. Daga farkon shekarun 1970 gwamnati ta ɗauki nauyin shigo da kayan masarufi, ana rabawa ta shagunan jam'iyya da littafin iyali: fulawa, shinkafa, sukari, shayi, mai, taliya da tumatirin gwangwani, a farashin da bai taka kara ya karya ba. Ma'aunin Hornemann ya tashi daga aiki, domin gurasa ta yi arhar da har ake ba dabbobi ragowarta. Duk da haka ba a rabu da matsi ɗungurungum ba. Doka mai lamba 15 ta 1981 ta daskarar da albashi shekaru fiye da ashirin, an rufe shagunan 'yan kasuwa a farkon shekarun 1980, farashin mai ya faɗi a 1986, takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya biyo baya daga 1992 zuwa 1999. Amma muddin jam'iyya na buɗe, tukunya na ɗorawa. A cikin waɗannan shekaru ne aka yi sakaci da rumbu da shanya, yara suka taso suna ganin abinci daga shago yake fitowa.

Abin da ya biyo bayan 2011 mai karatu ya gani da idonsa. Kayan jam'iyya suka ɗauke. Aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, mutum yana da albashi a banki amma sai ya kwana a layi. A ƙarshen 2017 dala ɗaya ta kai kusan dinari 9 a kasuwar bayan fage, sannan a Janairun 2021 babban banki ya mai da farashin hukuma daga kimanin dinari 1.4 zuwa 4.48. Litar fetur a hukumance dirhami 150 ce, amma mutumin kudu ya sha sayen ta ninki-ba-ninki. Sabha tana nesa da Tarabulus da fiye da kilomita 700, kuma kowace kilomita tana hawa kan farashin buhu. Wannan ƙunci ne ya haifar da yunƙurin Fushin Fazzan, wanda ya kai ga rufe rijiyoyin mai na Sharara a Disambar 2018. Ga waɗanda ba su da lambar ɗan ƙasa a cikinmu, da masu aikin yini a lambu da wurin gini, abin ya fi tsanani, domin ko a zamanin wadata ba su shiga inuwar tallafin sosai ba.

To me tarihin ke koya wa magidanci da uwargida? Ranar da kuɗi ya shigo, a yi irin na madugu: a ƙirga kwanakin da ke gaba, a ware na haya da magani da makaranta, a raba saura a kan kwanakin kafin a taɓa ko dinari ɗaya. A sayi dabino da albasa da tumatir da barkono lokacin da suka cika kasuwa, a shanya a rana, ita dai ba ta ɗaukewa kamar wutar lantarki. Naman layya da aka yi gaddid ko kilishi ko soye da shi ba ya jiran firji. Gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu su raba, ya fi kowa ya riƙa sayen kilo-kilo. Adashi, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira jam'iyya, a yi shi da waɗanda aka yarda da amanarsu, kuma a san abin da za a yi da kwasar tun kafin ta zo. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda aka ci don gasar biki ko lefe shi ne ke hana barci, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Sai dai a kiyaye, tsimi daban, rowa daban. Mutanen da suka auna dabino da kwanaki su ne kuma ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa, domin a sahara wanda ka shayar yau shi zai nuna maka rijiya gobe. Kwanon da ake aika wa maƙwabta, da gudummawar suna da ta rasuwa, da zakkar kono da ake fitarwa kafin Idi, su ma tanadi ne, a hannun jama'a aka ajiye su. Gidan da ya matse hannu har ya yanke zumunci ya yi asarar rumbun da ya fi kowanne girma.

Akwai tsofaffi mata a unguwanninmu da har yanzu suka san yadda ake danne dabino ya shekara, da yadda mudu ɗaya na gari ke ciyar da gida ba tare da kowa ya gane an rage ba. Ya kamata 'yan mata da samari su zauna kusa da su, su tambaya, su koya da hannu tun suna raye. Kakanninmu ba su bar mana gidajen bene ba, amma sun ƙetare zamanin da ya fi namu wuya ba tare da sun miƙa hannu ba. Allah ya jiƙansu, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira.