BABI NA BIYU: TARIHI DA YANAYIN ƘASAR ƘARAYE DA ROGO

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan ƙasar Ƙaraye da Rogo, wato inda take, da yanayinta, da tarihinta, da kuma yadda mutanenta suke gudanar da rayuwarsu. An haɗa ƙananan hukumomin biyu a babi ɗaya ne saboda a tarihi ƙasa ɗaya ce. Sai a cikin shekarun 1990 aka yanki Rogo daga Ƙaraye ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, kuma har yanzu wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai ta Tarayya.

2.1 Muhalli da Yanayin Ƙasa

Ƙaraye da Rogo suna kudu maso yammacin Jihar Kano, kuma dukkansu suna cikin mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Kano ta Kudu. Ƙaraye ta yi iyaka da Gwarzo daga arewa, da Kiru daga gabas. Ita kuwa Rogo, wadda take kudu da Ƙaraye, ta yi iyaka da ƙasar Maƙarfi ta Jihar Kaduna, ta kuma yi iyaka da Jihar Katsina daga yamma. Ke nan a wannan kusurwa ce ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka haɗu. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, domin kusan duk abin da za a faɗa a kan tarihin yankin daga nan ya samo tushe.

Faɗin Ƙaraye ya kai murabba'in kilomita 479, na Rogo kuwa 802. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaraye tana da mutum sama da 140,000, Rogo kuma sama da 227,000. Wato 'yar da aka yanka ta fi uwarta girma da yawan jama'a. Kowacce daga cikinsu tana da mazaɓu goma. Daga cikin na Ƙaraye akwai Turawa da Yammedi da Kafin Dabga da Tudun Kaya da Kurugu. Daga cikin na Rogo kuwa akwai Beli da Fulatan da Zarewa da Zoza da Gwangwan da Ruwan Bago da Falgore. Ya kamata a lura cewa wannan Falgore ta Rogo daban take da dajin Falgore da yake can kudancin jihar, domin baƙi sukan rikita su.

Yankin ya fi arewacin Jihar Kano samun ruwan sama, damina takan kuma ɗan fi tsawo. Ƙasar tana da fadamu da ƙoramu masu yawa, kuma Kogin Challawa shi ne babban ruwan da ya ratsa ta.

2.2 Ƙaraye Kafin Jihadi

Tarihin baka ya nuna cewa Maguzawa ne suka fara zama a Ƙaraye, tun kafin Musulunci ya yi ƙarfi a ƙasar Kano. Amma inda sunan garin ya fito sosai a rubuce shi ne a littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908.

A ƙarni na 16 da na 17 Kano da Katsina sun daɗe suna gwabza yaƙi a kan mallakar hanyoyin fatauci. Da yake Ƙaraye tana bakin iyaka, sai ta zama sansanin Kanawa na yamma. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) an aika wa Katsinawa da neman sulhu, suka ƙi, suka kawo yaƙi. A Ƙaraye aka kara, Kanawa suka yi nasara. Bayan wannan ne Wambai Giwa, wanda ya yi aikin faɗaɗa ganuwar birnin Kano, ya koma Ƙaraye da zama. Daga can ya riƙa kai wa Katsinawa hari yana kwaso ganima, har ya tara dawaki masu yawa da barade masu sulke. Ƙarfinsa ya kai inda fadar Kano ta fara tsoron kada ya yi tawaye, don haka a zamanin Sarki Kutumbi aka tuɓe shi.

Labarin Wambai Giwa ya nuna irin tsaka mai wuyar da Ƙaraye ta daɗe a ciki. Kano tana son garin ya yi ƙarfi don ya tare mata abokan gaba, amma ba ta son ƙarfin ya kai inda zai ɗaga mata kai. Ana iya cewa wannan ja-in-ja tsakanin birni da bakin iyaka bai taɓa ƙarewa ba, kamanni kawai yake sauyawa.

2.3 Zamanin Jihadi da Zuwan Turawa

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a shekarar 1804, malaman Kano da suka goyi bayansa sun yi hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, a yammacin birni. Daga can suka fara kai hari garuruwan yamma, kuma Ƙaraye tana cikin manyan garuruwan da suka fara shiga hannunsu, tun kafin yaƙin Ɗanyaya na shekarar 1807 inda aka karya rundunar Sarki Alwali. Daga wannan lokaci sarautar garin ta koma hannun Fulani, a ƙarƙashin Sarkin Kano.

Jihadi bai raba Ƙaraye da aikin tsaron iyaka ba. Haɓen Katsina da aka kora sun je sun kafa Maraɗi, suka kuma riƙa kawo hare-hare ƙasar Katsina da yammacin Kano a tsawon ƙarni na 19. Wannan ya sa garuruwan yankin suka riƙe ganuwa da kafi, kuma sunan gari irin Kafin Dabga yana tuna wa mai nazari da wancan zamani. Haka kuma Sarkin Ƙaraye, kamar takwarorinsa na Rano da Gaya da Dutse, a ƙasarsa yake zaune, saɓanin yawancin hakiman Kano waɗanda suke zaune a birni suna aika jakadu.

Turawan Ingila sun ci Kano a shekarar 1903. Bayan 'yan shekaru suka tsara ƙasar zuwa gundumomi, aka umarci hakimai su koma ƙasashensu da zama. A wannan tsari Sarkin Ƙaraye ya zama ɗaya daga cikin hakiman En'e ta Kano, mai tara haraji da jangali, ko da yake ya riƙe sunansa na sarki. Isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911 ta buɗe kasuwar gyaɗa da auduga, manoman yankin suka shiga nomansu don samun kuɗin haraji.

2.4 Madatsar Ruwa ta Challawa

Babu wani aiki da ya sauya fuskar ƙasar Ƙaraye a wannan zamani kamar madatsar ruwa ta Challawa. An kammala ta a shekarar 1992, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta kilomita 7.8, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da ita. A Jihar Kano madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ita kaɗai ta fi ta girma. Akwai kuma ƙaramar madatsa ta Kusalla kusa da garin Ƙaraye.

Madatsar ta kawo alheri, wannan ba abin musu ba ne. Su ya zama sana'ar mutane da yawa, har masunta daga wasu wurare suka zo suka zauna a bakin ruwan. Noman rani ya bunƙasa, makiyaya kuma suka sami mashaya. Sai dai akwai tsadar da aka biya. Ruwan ya mamaye gonaki da fadamu, waɗanda su ne mafi albarka a ƙasar, aka kuma tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni. Bugu da ƙari, yawancin ruwan ba don Ƙaraye aka tara shi ba. Ana sakinsa ne ya gangara don shan mutanen birnin Kano da kuma ayyukan noman rani na can ƙasa. Can gaba kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da manoma da masunta suke dogaro da ita kowace shekara, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Don haka duk wanda zai auna amfanin madatsar, wajibi ne ya dubi kogin tun daga Turawa har zuwa Nguru.

2.5 Jama'a da Sana'o'insu

Hausawa da Fulani su ne mazauna yankin, kuma mafi yawansu Musulmi ne, ko da yake akwai tsirarun Maguzawa da Hausawa Kirista a wasu ƙauyuka. Noma shi ne babbar sana'a. Ana noma dawa da masara da gero da shinkafa da wake da gyaɗa, a fadamu kuma ana yin rake da tumatir da albasa. Ƙasar Rogo, kamar maƙwabciyarta Maƙarfi, ta yi suna wajen noman rake da yin mazarƙwaila. Kasuwannin mako-mako su ne suke haɗa manomi da ɗan kasuwa, kuma mutumin kudancin Rogo yakan ga ya fi masa sauƙi ya kai kayansa kasuwannin ƙasar Zazzau da ya nufi Kano. Auratayya da zumunci ma ba su san iyakar jiha ba.

2.6 Masarautar Ƙaraye a Yau

A watan Mayu na shekarar 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiri sababbin masarautu huɗu, wato Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka ɗaga Alhaji Ibrahim Abubakar II zuwa sarki mai daraja ta ɗaya. Kotu ta soke dokar a watan Nuwamba, majalisar jiha ta sake yin wata a watan Disamba. Masu goyon baya sun ce an mayar wa tsofaffin sarautu martabarsu ne, kuma ci gaba zai matso kusa da karkara. Masu suka kuwa sun ce an yi ne don a rage ƙarfin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II.

A ranar 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun. A watan Yuli na wannan shekarar aka sake kafa Ƙaraye da Rano da Gaya a matsayin masarautu masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Sarkin Kano. Masarautar da ta taɓa haɗa har da Gwarzo da Kabo, sai aka taƙaita ta ga ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo kaɗai. Wanda aka naɗa sarki shi ne Alhaji Muhammad Mahraz Ƙaraye, wanda kafin naɗinsa shi ne hakimin Rogo.