Tafkunan Assynt: Kamun kifi da 'yancin mallakar ƙasa

Assynt wani yanki ne na tsaunuka a arewa maso yammacin Sikotland, cikin Birtaniya, wanda ya shahara wajen kamun kifin ruwan daɗi da ake kira trout, ɗan'uwan kifin salmon.

Babban ƙauyen yankin shi ne Lochinver, wanda ke bakin teku, tafiyar fiye da sa'o'i biyu a mota daga birnin Inverness.

A bayan ƙauyen akwai ɗaruruwan tafkuna, da dama daga cikinsu babu hanyar mota, sai mutum ya taka sa'o'i a ƙafa kafin ya isa.

Yadda ake kamun

Da fatsa ake kama wannan kifi. Masu kamun kan naɗe ƙugiya da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, sannan su wurga ta bisa ruwa.

Galibin kifayen ƙanana ne, ba su kai rabin kilo ba, saboda ruwan da ke kwance a kan tsoffin duwatsun yankin ba shi da abinci mai yawa.

To amma a tafkuna masu zurfi, irin su Tafkin Assynt, akwai wani nau'in trout mai suna ferox, wanda ke cin wasu kifaye, yake kuma girma ƙwarai.

Doka ta amince da kamun ne daga 15 ga watan Maris zuwa 6 ga watan Oktoba, domin a bar kifin ya hayayyafa a lokacin sanyi.

Wa ke da ruwan?

A Sikotland, ikon kamun trout yana hannun mai ƙasar da ruwan yake ciki. Wannan ne ya sa batun ya wuce na shaƙatawa kawai.

A farkon ƙarni na 19, masu ƙasa sun tashi iyalai da dama daga cikin Assynt domin su samu wurin kiwon tumaki, inda aka tura wasunsu bakin teku. Jikokinsu sun ci gaba da zaman haya a ƙasar kakanninsu.

A shekarar 1989, iyalan Vestey suka sayar da wani ɓangare na yankin ga wani kamfani na 'yan Suwidin, wanda ya durƙushe a 1992, aka kuma yi shirin sayar da ƙasar gunduwa-gunduwa.

Ƙananan manoman yankin suka haɗa kai, suka nemi gudummawar jama'a, suka sayi eka 21,000 a kan fam 300,000. Sun karɓi ƙasar a watan Fabrairun 1993, tare da tafkunan da ke cikinta.

Matakin nasu ya ƙarfafa gwiwar wasu al'ummomi, kuma a 2003 majalisar dokokin Sikotland ta kafa dokar da ta bai wa mazauna karkara damar sayen ƙasar da suke zaune a kai.

A 2005, wata gidauniyar mutanen yankin ta sayi ƙarin eka kimanin 44,000, ciki har da dutsen Suilven mai tsayin mita 731.

Tun daga 2004, laifi ne a yi fatsa a yankin ba tare da takardar izini ba.

A tafkunan da al'umma ta saya, kuɗin takardar da baƙo ya biya yana shiga asusun mazauna wurin ne.